Yadda Sana'ar Gishiri Ta Buɗe wa Kimiyya Ido, Ta Kuma Rufe Mata Shi

A ƙarshen shekarun 1870, 'yan kasuwar kifi na Gloucester, wani gari a gaɓar jihar Massachusetts ta Amurka, suna fama da wata asara mai dawowa duk lokacin zafi. Kifin kod da suka tsaga suka danne da gishiri, wanda ya kamata ya yi wata da watanni lafiya lau, sai ya soma yin ja, ya yi yauƙi, ya ɗauki wari, mai saye ya ƙi shi. Abin da ɗaure kai, domin tun kaka da kakanni da hana ruɓa aka san gishiri. Hukumar kula da kifi ta ƙasar ta nemi William Farlow, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard, ya duba lamarin. Rahotonsa da ya fito a 1880 ya ɗora laifin a kan wata ƙanƙanuwar halitta, ya kuma nuna cewa a cikin gishirin take zuwa, wato gishirin da ake busarwa da rana a kududdufan bakin teku na kudancin Turai. Daga wannan kukan 'yan kasuwa aka kama hanyar da ta kai, bayan shekara ɗari da ashirin, ga gano cewa ɗimbin bakteriyar teku suna ɗauke da wani ɗan famfo da hasken rana ke tuƙawa. Ra'ayina shi ne sana'ar gishiri ce ta miƙa wa masana wannan ilimi, kuma ita ce ta sa suka yi masa gurguwar fahimta na kusan shekara talatin, suna ɗaukar abin da ya cika teku a matsayin abin al'ajabin kududdufi.

Sai an san yadda ake yin gishirin rana kafin a gane dalili. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Masu sana'ar kan tare shi a jerin kududdufai marasa zurfi, rana da iska su yi ta shanye shi, ana tura shi daga wannan zuwa wancan, har ya yi kauri kusan ninki goma, gishirin ya fara kwanciya a ƙasa. Kowane mataki na kashe wasu halittu: kifi ya tafi, ciyayi su tafi, yawancin bakteriya su tafi. Waɗanda suka rage 'yan tsiraru ne da gishiri ya zame musu tilas, kuma da yake babu mai yi musu kishiya, sai su hayayyafa har ruwan ya rine. Shi ya sa kududdufan ƙarshe suke zama ruwan hoda ko ja wur, a Kadis ta Sifen ko a Trapani ta Sisili ko a kudancin mashigin San Francisco, inda aka fara wannan sana'a a tsakiyar ƙarni na 19. Idan gishirin ya bushe, wasu ƙwayoyin kan maƙale a ɗigon ruwan da ke cikin tsakuwarsa, su zauna da ransu har ranar da aka zuba shi a kan kifi ko fata, inda suke samun abinci. Ke nan mai yin gishiri, ba da niyya ba, yana yin aikin da masanin ƙwayoyin halitta ke yi a ɗakin gwaji: yana tace halitta guda daga cikin dubbai, yana tara ta har ido ya iya ganinta.

Masanan farko da suka kama wannan halitta neman hanyar kashe ta suke yi. Heinrich Klebahn a Hamburg ya raba ta daga kifi mai gishiri a 1919. Harrison da Kennedy a Kanada sun yi haka a 1922, su ma daga kifin kod. A 1934 Lochhead, shi ma a Kanada, ya samo 'yar'uwarta daga fatun da aka yi wa gishiri, domin majema na kuka da jajayen tabo masu ɓata fata kamar yadda masunta ke kuka da jan kifi. Daga baya aka haɗa su a ƙarƙashin sunan Halobacterium. Abin da waɗannan bincike suka bari ga na baya ya fi maganin da suka nema daraja: sun bar ƙwayoyi masu rai a ma'ajiyar jami'o'i, da bayanin abincin da suke so, da wata ɗabi'a tasu mai ban mamaki, wato idan aka rage musu gishiri aka zuba su a ruwan daɗi, nan take suke fashewa.

Wannan fashewar ce ta jawo hankalin Walther Stoeckenius, Bajamushe likita da ke nazarin tantanin da ke lulluɓe ƙwayoyin halitta a Jami'ar Rockefeller da ke New York a shekarun 1960. Abin da yake so shi ne tantanin da zai rarrabe da sauƙi. Da ya fasa ƙwayoyin ya tace gutsattsarin, sai ya samu kashi ja da kuma wani kashi dabam mai launin shunayya. Jan, wanda shi ke rina kifi da kududdufi, wani launi ne dangin na karas da ke kare ƙwayar daga ƙunar rana. Shunayyan ne ba a san aikinsa ba. Stoeckenius ya koma Jami'ar Kalifoniya a San Francisco, inda wani matashin masanin sinadarai daga Munich, Dieter Oesterhelt, ya same shi. A 1971 suka wallafa cewa tantanin shunayya furotin ɗaya tak ya ƙunsa, manne da wani sinadari mai suna retinal. Wannan magana ta girgiza mutane, domin retinal, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, an san shi ne a idon dabba. Tun 1876 Franz Boll ya ga launin da ke cikin ido yana dusashewa idan haske ya taɓa shi, George Wald kuma ya bayyana alaƙarsa da bitamin A, wadda ita ce dalilin da rashin wannan bitamin ke kawo dundumi. Ga shi kuma an same shi a jikin halittar da ba ta da ido. Suka raɗa wa furotin suna bacteriorhodopsin, a 1973 kuma suka nuna cewa aikinsa tura furoton ne, wato ƙwayar haidurojin mai caji, daga cikin ƙwaya zuwa waje duk lokacin da haske ya sauka a kansa.

Ginin famfon mai sauƙi ne ainun. Sarƙa ce guda ta amino asid 248, wadda ta naɗe ta zama murɗaɗɗun sanduna bakwai da suka ratsa tantani daga wannan fuska zuwa waccan, suka kewaye retinal a tsakiya. Retinal ɗin a miƙe yake, an ɗaure bakinsa da amino asid na 216, kuma a wannan maɗaurin akwai furoton guda a zaune. Idan ƙwayar haske kore ta buge shi, sai ya lanƙwashe a wuri ɗaya cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Lanƙwasar kan sa furoton ya sauka zuwa amino asid na 85 da ke ɓangaren waje, wani furoton ya fita daga ƙwayar. Daga nan sandunan su ɗan buɗe ta ɓangaren ciki, amino asid na 96 ya miƙa sabon furoton ga maɗaurin, retinal ya sake miƙewa. Zagayen kan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma ƙofar waje da ta ciki ba sa buɗewa tare, shi ya sa tafiyar ta zama mai fuska ɗaya. Kamar famfon burtsatse ne mai aiki da sola: rana ta tura ruwa sama cikin tanki, ruwan kuma ya yi aiki sa'ad da yake gangarowa. Furoton da suka taru a waje suna matsawa su dawo, hanyar da aka bar musu kuwa ta cikin wani furotin ce mai juyawa, wanda ke ƙera ATP, sinadarin da kowace ƙwayar halitta ke biyan kuɗin ayyukanta da shi. Ga halittar da ke cikin ruwan gishiri mai kauri, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, wannan hanya ce ta samun ƙarfi ba tare da numfashi ba, kuma idan iska ta yanke mata takan shimfiɗa tantanin shunayya har ya rufe kusan rabin jikinta.

Cikin 'yan shekaru wannan furotin ya warware gardandamin da ba nasa ba. Tun 1961 Peter Mitchell na Ingila ke cewa bambancin yawan furoton tsakanin fuskokin tantani shi ne ke tuƙa ƙera ATP, masana da yawa kuma suna musu. A 1974 Efraim Racker da Stoeckenius suka ɗauki famfon bakteriyar gishiri da furotin mai ƙera ATP daga zuciyar saniya, suka dasa su a 'yan kumfan maiƙo na ƙirƙira, suka haska fitila, ATP ya fito. Mitchell ya karɓi kyautar Nobel a 1978. A Cambridge kuma, da yake furotin yana jeruwa uku-uku cikin tsari a tantanin, Richard Henderson da Nigel Unwin sun yi amfani da madubin lantarki a 1975 suka hango sandunan nan bakwai, karon farko da aka ga siffar furotin a cikin tantani. Henderson ya ci gaba da aikin har ya kai ga taswirar zarra-zarra a 1990, hanyar da ya gyara kuwa ta ba shi rabon Nobel a 2017. An kuma gano famfo na biyu a jikin halittar, halorhodopsin, wanda Brigitte Schobert da Janos Lanyi suka nuna a 1982 cewa kulorayid yake turawa ciki. Irinsa da aka fi amfani da shi ya fito ne daga wata ƙwaya da aka samo a Wadi Natrun na Masar, tafkunan da Misirawan dā ke haƙar kanwa don busar da gawa. A 2007 masu nazarin ƙwaƙwalwa suka dasa shi a jijiyoyi, suka riƙa kashe motsinsu da haske ruwan ɗorawa.

Duk da wannan ɗaukaka, ba a ɗauki famfon a matsayin wani abu mai nauyi a tafiyar duniya ba. An riƙe shi kayan aikin ɗakin gwaji, dabarar wata baƙuwar halitta da ke zaune inda kowa ya gudu. A 1977 Carl Woese ya nuna cewa akwai wani reshen rayuwa dabam da bakteriya, wanda daga baya aka kira archaea, ba a jima ba kuma aka ga cewa masu son gishirin nan a cikinsa suke. Wannan ya ƙara nesanta su da sauran halittu a tunanin mutane. Littattafai suka ci gaba da koyar da cewa ta ƙofar kulorofil, koren launin ganye da gansakuka, hasken rana ke shiga rayuwar teku, bakteriya kuma masu cin ragowa ne kawai. Dalilin wannan rufewar ido yana cikin abin da ya buɗe shi tun farko. A kududdufi halitta ɗaya ce ta taru har ta rina ruwa, tana kuma girma a faranti ba gardama. A buɗaɗɗen teku ƙwayoyin na da yawa, daga ɗaruruwan dubbai zuwa miliyan guda a kowane mililita, amma iri-iri ne, ƙanana ne ƙwarai, ba sa rina komai, ba sa ɓata hajar kowa, kuma abin da ke yarda ya tsiro a farantin gwaji bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Masana sun auna duniya da abin da ya yarda ya zo hannunsu.

An fasa wannan ƙulli a shekarar 2000 a mashigin Monterey na Kalifoniya, wurin da bai kai tafiyar awa biyu a mota daga kududdufan San Francisco ba. Oded Béjà da Edward DeLong sun daina roƙon bakteriya ta tsiro. Sun tace ruwan teku, suka ciro DNA na duk abin da ke ciki, suka karanta manyan gutsattsarinsa. A wani gutsure na wata bakteriya da ba a taɓa renonta ba, wadda ake kira SAR86, suka ga ƙwayar gado mai kama da ta bacteriorhodopsin. Suka dasa ta a cikin bakteriyar E. coli, suka ƙara retinal, ƙwayoyin suka yi ja-ja, da haske ya sauka kuma suka tura furoton waje. Aka kira sabon famfon proteorhodopsin. A shekarar da ta biyo suka nuna cewa iri biyu ne: mai shan haske kore a saman ruwa, da mai shan shuɗi a inda ya yi zurfi, domin shuɗin haske ne ke iya nutsewa can. Daga baya aka gano cewa amino asid guda, na 105, shi ne ke raba su. A 2004 ayarin Craig Venter ya karanta DNA na ruwan tekun Sargasso ya ƙirga sababbin ƙwayoyin gado 782 na irin wannan furotin. A 2005 Stephen Giovannoni da abokan aikinsa suka same shi a jikin Pelagibacter, ta rukunin SAR11, wanda ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin saman teku. Ƙididdiga na bambanta daga wuri zuwa wuri, amma a wurare da dama rabin bakteriyar saman ruwa ko fiye na ɗauke da famfon.

Teku ya kuma nuna cewa ginin nan na sanduna bakwai yana karɓar sauyi fiye da yadda kududdufi ya nuna. A 2013 Keiichi Inoue da Hideki Kandori a Nagoya ta Japan suka bayyana wani famfo mai suna KR2, daga bakteriyar teku, wanda sodiyam yake turawa waje. Da yawa sun ɗauka haka ba zai yiwu ba, tunda maɗaurin retinal na ɗauke da caji irin na sodiyam, kuma ya kamata su ture juna. Dabarar ita ce furoton ɗin maɗaurin kan koma gefe na ɗan lokaci, ya bar wa sodiyam hanya. A 2014 Susumu Yoshizawa da abokansa suka sami wata bakteriya, Nonlabens marinus, mai famfo uku a jiki ɗaya: na furoton, na sodiyam, da na kulorayid. Abin da ya fi raba su shi ne gurabe uku a kan sanda ta uku, inda sauya amino asid ke sauya kayan da ake ɗauka.

Mai musu zai ce na ba sana'a girman da ba nata ba. Stoeckenius bai damu da kifi ko fata ba, son sani ne ya kai shi, kuma jinkirin shekara talatin ɗin rashin kayan aiki ne, tunda ba a iya karanta DNA na ruwan teku da yawa a 1975. Akwai gaskiya a nan, amma ba ta rushe batun ba. Son sani yana bukatar abin da zai kama, kuma halittar da ya kama ta shiga ma'ajiyar masana ne ta hannun masu neman ceton kifi da fata, tare da bayanin ɗabi'arta da ya sa ya zaɓe ta. Game da kayan aiki kuwa, auna retinal a cikin abin da aka tace daga ruwan teku bai dogara da karanta DNA ba. Tambayar ce ba ta taso ba, domin an riga an ajiye famfon a rukunin abubuwan da suka keɓanta da matsanancin gishiri. Ko ganowar 2000 ɗin ma ta zo ne yayin da ake leƙa gutsuren DNA don sanin wace ce wannan bakteriya. Rashin kayan aiki ya jinkirta amsa, amma wurin da aka fara ganin abin shi ya hana tambaya.

Musu na biyu ya fi ƙarfi: samun ƙwayar gado ba ya nufin tana da amfani, kuma famfon ba ya haɗa abinci daga iskar kabon kamar yadda kulorofil ke yi. Gwajin farko ya ba wannan musu ƙarfi, domin Pelagibacter ta girma daidai wa daida a haske da duhu. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo sun nuna inda amfanin yake. A 2007 Laura Gómez-Consarnau da Jarone Pinhassi suka nuna cewa wata bakteriyar Bahar Rum mai suna Dokdonia ta fi girma a haske idan abinci ya yi ƙaranci. A 2010 suka nuna wata Vibrio ta fi jure yunwa a haske, kuma da aka cire mata ƙwayar gadon sai fifikon ya ɓace. A 2011 aka ga ita ma Pelagibacter, idan abinci ya ƙare mata, da haske take riƙe ATP ɗinta. Famfon guzurin lokacin fari ne, kuma mafi yawan faɗin teku a cikin fari yake kullum. Arharsa ma hujja ce: injin kulorofil na bukatar furotin masu yawa da sinadarin ƙarfe, wanda ya yi wuya a manyan sassan teku, shi kuwa wannan furotin ɗaya ne da 'yan ƙwayoyin gado biyar masu haɗa retinal. A 2007 an ɗauke duka shidan an sa wa E. coli, ta fara samun ATP daga haske. Abin da ya yi sauƙin ɗauka haka, ba mamaki ya bazu tsakanin halittun da ba dangin juna ba.

Gaskiya ne famfon ba ya ƙera abinci, amma bakteriyar da rana ta biya mata wani ɓangare na kuɗin rayuwa ba sai ta ƙona abincinta duka ta mayar da shi iska ba, wannan kuwa yana taɓa lissafin kabon da ke shiga teku da wanda ke fita. A 2019 Gómez-Consarnau da abokan aikinta suka yi awon da aka daɗe ba a yi ba: suka auna retinal kai tsaye a ruwan Bahar Rum da gabashin Atlantika. Sun samu cewa ya fi yawa a inda kulorofil ya fi ƙaranci, kuma hasken da yake iya kamawa a irin waɗannan ruwaye na iya kaiwa ko ya wuce wanda kulorofil ke kamawa. Masana na hasashen cewa ɗumamar teku za ta faɗaɗa irin waɗannan yankuna marasa abinci. Idan haka ta tabbata, duk lissafin ƙarfin rana a teku da ya tsaya ga koren launin da tauraron ɗan'adam ke hangowa daga sama zai riƙa barin wani kaso mai girma a waje, kuma gyara shi na bukatar a auna retinal a sauran tekuna kamar yadda aka shafe shekaru ana auna kulorofil.